Ranar da Na Ɓatar da Gangar Jikin Maigari

Ko da za a ciro ƙwaƙwalwata a wanke ta da sabulu da soso, a matse, a shanya a igiya, akwai yini guda da ba zai fita ba. Shi ne yinin da na ɓatar da gangar jikin Maigarinmu a tsakiyar kasuwar Batsari, da rana tsaka, ba tsafi ba asiri, da ɗan yatsana guda kawai. Yanzu in na tuna dariya nake yi har da riƙe ciki, amma a ranar gumin da na yi ya isa a shayar da garken shanu.

Lokacin ina koyarwa a firamaren wani ƙauye da ke gaba da Yasore, ni ne malamin aji huɗu. Farkon damina aka yi wata iska da ta ɗaga rabin rufin ajina ta yi gaba da shi. Da idona na ga fallen kwano guda ya nufi Safana, kuma har gobe na yi imani ya riga motar haya isa. Muka koma gindin bedi, wato darbejiya, da karatu. Da hadari ya haɗo sai a tashi, da akuya ta zo wucewa sai darasi ya tsaya a kalle ta. Ruwan farko ya wanke allon tas, na biyu ya jiƙa littattafan da muka ɓoye a kusurwa. Kowa ya san in damina ta kankama a haka, 'yan aji huɗu sun gama karatun shekara.

Ana cikin haka hedimasta ya dawo daga Batsari da labari. Wata ƙungiya mai taimaka wa makarantun karkara ta ce duk makarantar da iska ta yi wa ɓarna ta tura hoto ta shafinta na intanet, za a duba a yi rufi. Sharaɗi biyu ne: a ga ɓarnar ƙarara, a kuma ga shugaban al'umma tsaye a gaban ginin, shaida cewa ba hoton wani gari aka aro ba. Za a rufe karɓa ƙarfe biyar na yamma, ranar da ta zo daidai da kasuwar Batsari.

Hedimasta bai rufe baki ba na buga ƙirji na ce a bar min. Dalili kuwa, da sallar da ta wuce ƙanena da ke aiki a kudu ya bar min tsohuwar wayarsa, irin masu tsadar nan masu ido uku a ƙeya. Tun da na same ta ban bar kowa ya huta ba. Na sha faɗa wa mutane cewa in ta ɗauki hoton sauro za ka gane ko ya ƙoshi ko da yunwa ya kwana. Ƙanen nawa ya ce min tana da wani abu da ake kira HDR, wato in ka danna sau ɗaya, ita hotuna da yawa take ɗauka a lokaci guda, wani don wurin da rana ta haske, wani don wurin da ke da duhu, sai ta haɗe su ya zama babu abin da ya ɓuya. Ni kuma da na tashi fassara wa mutanen gari, sai na ce ido ɗaya na rana ne, ɗaya na inuwa, na ukun kuma sufeto ne mai duba aikinsu.

Kuskurena na farko shi ne sanarwar da na yi a masallaci cewa jibi za a ɗauki hoton makaranta a kai Katsina. Ranar da na iso da safe sai na ɗauka na yi ɓatan hanya. An share filin makaranta har ana iya lasar zuma a ƙasa. An shafe bangon aji huɗu da farar ƙasa yana ta ƙyalli. Inda rufi ya yaye kuwa, an hau an shimfiɗa tabarmi da zana, an danne da duwatsu, an gyara shi tsaf.

Hedimasta ya dafe kai. Muka je muka durƙusa gaban Maigari, muka yi gaisuwa tun daga kwana har gajiya har iyali har dabbobi, sannan na ce, "Ranka ya daɗe, ai ɓarnar ake son gani. In an rufe ta, me za mu nuna?"

Ya dube ni kamar na zagi kakanninsa. Ya ce, "Malam, hoton ga Katsina za shi. Manya za su gani. So kake a ce mutanena ƙazamai ne, sun zauna sun zura wa kango ido?"

Sai da muka kwashe rabin safiya ana ja-in-ja, liman ya sa baki, sannan ya yarda a sauke tabarmin. Farar ƙasa dai ta riga ta bushe, ba yadda za a yi da ita. Ya ce to a jira shi ya shirya. Shirin nan bai ƙare ba sai da rana ta take tsaka. Ya fito cikin babbar riga fara sol ta shadda, aikin wuyanta ma da farin zare, rawani fari, wando fari. Abin da ba fari ba a jikinsa fuskarsa ce, da sandarsa, da takalmansa. Ya je ya tsaya a jikin farin bangon nan, ya ɗaga haɓa.

Na ja da baya na danna. Jama'a, in faɗi gaskiya, wayar nan ta yi aiki. Ga Maigari, kowane zare na aikin rigarsa ya fito. Ga katakon rufi a karye, ga sauran kwanon da ya rage, ga sararin sama shuɗi ta cikin ɓarakar, har bencinan da ke cikin duhun aji ana gani ta taga. Wayar ta zaga hannu ya fi hamsin. Wani tsoho ya ce shi a ido ma bai taɓa ganin Maigari da kyau haka ba. Ni kuwa kaina ya kumbura har hulata ta fara matse ni.

A ƙauyen namu sabis sai an hau tudu an ɗaga hannu kamar mai addu'a, don haka ranar kasuwa da sassafe hedimasta ya goya ni a babur muka nufi Batsari. Muka samu benci a wata rumfa, na buɗe shafin, na cike komai, na ɗora hoton. Sai ga jan rubutu: ba a karɓar irin wannan, sai JPG. Na sake ɗorawa. Jan rubutu. Na goge fuskar wayar da gefen riga na sake. Jan rubutu.

Ashe wayar tawa, saboda girman kai irin na mai ita, ba ta ajiye hotunanta a irin ma'ajin da kowa ya sani. Nata daban ne, wanda ke iya riƙe duk hasken nan da ta tara. JPG kuwa shi ne na gama-gari, wanda kowace waya da kowace kwamfuta ke buɗewa, ɗan ƙarami mara nauyi. Duk wannan daga baya na sani. A lokacin dabarar da ta zo min ita ce in shiga in goge sunan hoton in rubuta masa JPG a ƙarshe. Na yi haka, na ɗora. Shafin ya dube shi ya dawo min da shi, kamar yadda za a yi wa wanda ya ɗaura wa jaki sirdi ya kai shi kasuwar dawaki.

Hedimasta ya ce, "Malam, mu je shagon Hajiya mana. Aikinta ke nan."

Hajiyar da yake nufi tsohuwar mai buga takardu ce a sakatariya, da ta yi ritaya ta buɗe shagon kwamfuta a bakin kasuwa. Matsalar ita ce, ɗiyar kawuna ce, taubashiyata, kuma bakinta ya fi reza. In na shiga shagonta da wayar da na cika gari da labarinta na ce ta gagare ni, na san har jikokina sai sun ji. Na ce wa hedimasta ya kwantar da hankalinsa, ƙaramin abu ne.

Na lalubo wata manhaja ta kyauta da ta ce tana juya kowane hoto zuwa JPG da dannawa ɗaya. Na sauke ta, na danna, kafin in ƙifta ido ta ce ta gama. Na hango ɗan ƙaramin hoton a gefe, na ga kamar lafiya. Daidai nan wayar ta fara ƙorafin cewa cikinta ya cika. Sai na yi tunani irin na masu hankali: tunda ga sabo, me zan yi da tsoho? Na goge na asalin. Har da ɗan fito na yi.

Ina shirin ɗorawa sai muka ji sallama. Maigari ne, ya biyo a-kori-kura ya zo cin kasuwa, aka nuna masa inda muke. Muka tashi muka ba shi benci. Bayan gaisuwa ya ce, "To Malam, a nuna mani in ƙara gani kafin ya tafi."

Na buɗe hoton ya cika fuskar waya, na miƙa masa da hannu biyu ba tare da na duba ba. Ya karɓa. Ya nisanta ta da idonsa. Ya matso da ita. Ya juya ta. Sannan ya ce, a hankali, "Malam, ina sauran nawa?"

Na leƙa. Inna lillahi! Bango da riga da rawani duk sun narke sun zama fari guda, fau, kamar sabuwar takarda. A tsakiyar farin nan ga fuskar Maigari ita kaɗai tana reto, ba wuya ba kafaɗa, kamar an rataye ta a ƙusa. Can ƙasa ga takalma biyu suna zaman kansu. A gefe ga sanda tsaye ba mai riƙe da ita sai 'yan yatsu huɗu. Na ɗaga ido sama wajen rufin. Kwanon da ya rage da sararin sama su ma sun zama fari ɗaya. Ba ka cewa ga inda rufi ya ƙare ga inda ɓaraka ta fara. Sharaɗi biyu aka ba mu, ɓarna da shugaba, na kashe su duka da dannawa ɗaya.

"Mi na yi maka?" in ji Maigari. "Rigar ga kwana uku tana wajen mabuga. Aikin wuyanta wata biyu ana yi. Ka kwashe ta ka bar ni da kai kamar na layya?"

Na ce, "Ranka ya daɗe, kuskuren na'ura ne."

"To maido da wancan na shekaranjiya."

Hedimasta ya dube ni, na dubi ƙasa. Ya ce, "Malam, kada ka ce min..." Na gyaɗa kai. Mutanen rumfar da suka taru suna leƙe, wani ya ƙyalƙyale da dariya ya toshe baki da hula, wani ya ce shi dama tun farko bai yarda da waya mai ido uku ba.

An riga an yi Azahar. Komawa ƙauye a sake ɗauka a dawo ba zai yiwu ba, don hanyar tamu ba mai bin ta in la'asar ta yi sanyi, kowa ya san 'yan bindiga ne dalili. Ga Maigari a nan cikin wata shuɗiyar riga ta zuwa kasuwa, ga makaranta can. Na tuno 'yan ajina a gindin bedi suna kallon hadari. Nan take girman kan ya sauka daga kaina ya bi ta ƙafa ya shige ƙasa. Na ce mu je wajen Hajiya.

Muna shiga ta gaida Maigari har ƙasa, ta sa aka ba shi kujera, ta gaida hedimasta, sannan ta juyo kaina. "A'a, ɗan mace! Yau mai wayar da ke ganin hanjin sauro ne a shagona? Me ka ɓata?"

Na miƙa mata wayar. Ta gyara tabarau ta duba. Saboda Maigari na zaune ta so ta danne dariya, ta cije leɓe, kafaɗunta suka fara rawa, daga ƙarshe ta ce a gafarce ta, ta fita bayan shago. Muna jin ta. Duk kasuwa na jin ta. Ta dawo tana share hawaye da gefen mayafi ta ce, "Ina na asalin?"

Na ce na goge.

"Ka goge. Allah Ya shirye ka. Kai ko tuwo ka dafa sai ka fasa tukunyar tun ba a ɗanɗana ba?" Ta shiga danne-danne. Ashe wayar tana da wani kwandon shara da take ajiye abin da aka goge na 'yan makonni kafin ta zubar. Shekara kusan guda ina riƙe da ita ban sani ba. Sai ga Maigari ya dawo cikakke da rigarsa. Ya yi hamdala da ƙarfi kamar wanda aka sako daga kurkuku.

Ta tura hoton cikin kwamfutarta, tana yi tana yi min karatu kamar ɗan aji ɗaya. Ta ce hoton wayata buhu ne cike da haske, tun daga mai kashe ido har zuwa duhun cikin ɗaki. JPG kuwa tiya ce. Manhajar da na ɗauko ta ɗaga buhun ne ta kifa a kan tiyar, abin da ya shiga ya shiga, na sama duk ya zube, shi ya sa duk wani abu mai haske ya zama fari guda. Ta ce mai hankali sai ya fara lallaɓa hasken tukuna, ya janyo mai yawan ƙasa-ƙasa, ya ɗan ɗaga na duhun, har tazarar da ke tsakaninsu ta yi daidai da abin da tiyar za ta ɗauka, sannan ya juye.

Ta kama wani ɗan layi a fuskar kwamfutar tana ja a hankali, a gefe kuma tana nuna mana yadda zai fita in an juya. Muna kallo kafaɗar Maigari ta fara rabuwa da bango. Hannun riga ya fito. Sama ta koma shuɗiya, bakin kwanon da ya yage ya bayyana da haƙoransa. Maigari ya jawo kujera har gwiwarsa na taɓa tebur, ya karɓi ragamar aiki.

"Ƙara, ɗiyata. Ƙara kaɗan. Aljihun bai fito ba. Yawwa! Tsaya, kin baƙanta mani fuska."

"Yanzu zan ɗago ta, Baba."

"Ɗago ta, amma kada ki taɓa rawanin."

Aka gama, hoto ya fita JPG, kyakkyawa, ko da bai kai na wayar sheƙi ba. Na karɓi kujera da sauri na ɗora a shafin don in ɗan farfaɗo da mutuncina. Jan rubutu. Wannan karon cewa ya yi hoton ya yi nauyi, sai an rage.

Hajiya ta ce wannan mai sauƙi ne, JPG ana matse shi, sai dai duk matsar da aka yi, ƙananan abubuwa ne ke fara tafiya. Ta matse ta nuna. Rufi na nan, ɓaraka na nan, Maigari na nan da jikinsa. Amma aikin wuyan rigar ya dushe, ya zama kamar an shafa koko.

Maigari ya ce sam. A mayar. Ta mayar, shafi ya ƙi. Ta rage kaɗan, ya ƙi. Ta yanke gefen hoton, ta cire bedi da rabin fili, ta sake gwadawa, ya ƙi. Ta ce saura hanya ɗaya in ana son zaren ya tsira: a yanke sama, a bar Maigari. Saman nan kuwa shi ne rufin. Aka kira la'asar a masallacin kasuwa. Masu baburan ƙauyenmu suka fara leƙowa suna cewa za su wuce. Hedimasta sai hularsa yake ta murzawa. Ni kuwa na raɓe a gefe, ni na jawo.

Maigari ya daɗe yana kallon kwamfutar. Ya kai yatsa ya taɓa wuyan rigar a jikin gilashin, sannan ya ɗaga shi zuwa karyayyen katakon. Ya ce, "In an matse, wanga ramin zai fito sosai?"

Hajiya ta ce, "Zai fito, Baba. Ko makaho ya shafa zai ji shi."

Ya yi ajiyar zuciya ya ce, "To matse ni, ɗiyata. Rigar tana gida cikin adaka, ruwa ba ya dukanta."

Ta matse. Na miƙa hannu zan ɗora, ta buge min shi ta ce in je can in zauna, ta ɗora da kanta. Abin ya yi ta juyawa, ya yi ta juyawa, na karanta duk addu'ar da na haddace har da ta shiga kasuwa. Sai ga koren rubutu: an karɓa. Hedimasta ya rungume ni, ya tuna ni ne mai laifin, ya sake ni. Muka yi salla a gurguje muka bi ayarin babura, Maigari a bayan hedimasta, ni a bayan wani mai buhun gishiri.

Bayan 'yan makonni sai ga a-kori-kura da kwano da katako da kafintoci. Ranar da aka yi ruwan farko a kan sabon rufin, ƙarar ta hana mu jin juna, na tsaya gaban allo ina ta wangale baki, yara a bushe suna ta ihu, ba wanda ya koyi komai, kuma ban taɓa jin daɗin darasi kamar na ranar ba.

Abin da na koya kuwa, ban da cewa ba a goge na asali sai an buɗe sabon an dube shi da ido biyu, kuma zagin taubashiya ya fi asarar rufi sauƙi, shi ne wannan: duk lokacin da za ka zuba babban abu a ƙaramin mazubi, dole wani abu ya zube. To ka zauna da kanka ka zaɓi abin da za ka iya rabuwa da shi, kamar yadda dattijon nan ya yi a gabana. In ka yi gaggawa ka bar wa na'ura zaɓin, ita ba ta san Maigari ba, ba ta kuma san rufi ba.